Tiyatar Gyaran Jiki: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Yarda a Taɓa Mu



A 'yan shekarun nan akwai tambayar da ke yawan zuwa mana, wani lokaci a taron zumuntar mata, wani lokaci a ofis bayan sujada, an rufe ƙofa an rage murya: "Fasto, laifi ne in je a gyara mini jikina?" Masu tambayar ba halinsu ɗaya ba. Akwai uwar da ta haifi ɗa da tsagaggen leɓe. Akwai budurwar da ke tara kuɗi don a ƙara mata girman mazaunai. Kafin mu ba da amsa, ya kamata mu san abin da ake yi a ɗakin tiyatar, domin ba daidai ba ne mu yanke hukunci a kan abin da ba mu fahimta ba.

Kashi na farko: gyaran abin da ya lalace

Wannan ita ce tiyatar da ke maido da gaɓar da ciwo, ƙuna ko haɗari ya ɓata, ko wadda aka haifi mutum da ita da rauni. Ta bunƙasa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da likita Harold Gillies ya riƙa gyara fuskokin sojojin da aka raunata a Ingila.

Mu ma a Arewa muna da bukatarta ƙwarai. Cutar noma, wadda ke cin naman kunci da leɓe, ta fi kama ƙananan yara masu fama da yunwa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Shi kuwa tsagaggen leɓe, galibi ana ɗinke shi tun jariri yana wata 3 zuwa 6, tsagaggiyar ganɗa kuma wajen shekara ɗaya, don yaro ya iya cin abinci ya kuma koyi magana da kyau. Ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama a Nijeriya.

A nan ba mu da wata shakka. Yaron da aka haifa haka ba la'ananne ba ne, ba kuma aikin maita ba ne. Iyayen da suka ɓoye shi a ɗaki saboda kunya suna hana shi taimakon da ke kusa da su. Mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti.

Kashi na biyu: ƙarin kyau

Wannan shi ne ake yayi yanzu, musamman ta hotunan Instagram da TikTok. Ga waɗanda aka fi nema:

Zuƙe kitse. Ana zura siririn bututu ƙarƙashin fata a zuƙo kitsen ciki ko cinya. Ba hanyar rage ƙiba ba ce. In mutum ya koma cin abinci kamar dā, kitsen zai taru kuma.

Ƙarin mazaunai, wanda ake kira BBL. Ana ɗebo kitse daga wani wuri a ɗura shi a mazaunai. Yana cikin mafi haɗarin aikin ƙarin kyau, domin akwai manyan jijiyoyin jini a wurin. In kitsen ya shiga jijiya, yana iya tafiya har huhu ya toshe hanyar jini, mutum ya mutu a kan gadon tiyata. Shi ya sa ƙwararru suka ce a ɗura shi ƙarƙashin fata kawai, kada ya kai cikin tsoka.

Ƙarin nono da roba. Robar ba ta zama har ƙarshen rai. Tana iya fashewa ko naman da ke kewaye da ita ya taurare, sai an sake wata tiyatar.

Allurar Botox da allurar cika fata. Botox tana kwantar da tsokar fuska don rage tamoji, amma aikinta wata 3 zuwa 4 ne, sai a sake biya. Allurar cika leɓe ko kunci kuwa, in ta shiga jijiya a kuskure, tana iya kashe fatar wurin, har ma ta makantar.

Kada mu ɗauka kuɗi ko fita waje suna kawar da haɗari. Da yawa cikinmu mun tuna rasuwar Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a Oktoba 2005, bayan tiyatar gyaran jiki a ƙasar Sifen. In hakan ta faru a can, yaya wanda aka yi wa allura a ɗakin otal ko shagon gyaran gashi?

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai kumbura, wanda ke girma ya wuce asalin raunin. Na biyu, man bilicin, musamman mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, yana sirantar da fata, sai rauni ya ƙi warkewa da wuri. Mai shafa shi dole ta faɗa wa likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambayoyin da za mu yi

Ga duk wanda ke tunanin wannan aiki, ya fara samun amsar waɗannan:

Likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, kuma ya ƙware a wannan fanni? Wa zai ba da allurar barci? In jini ya ɓalle, akwai jinin ƙari da ɗakin kulawa ta gaggawa? Wa zai duba ni bayan an sallame ni? An auna hawan jinina da sukari? Likitan da ya fusata da tambaya, ko ya ce babu wani haɗari, a guje shi. Wanda kuma ya karya farashi fiye da kima, a tuna araha ba ta ado.

Sai tambaya mafi nauyi, wadda likita ba zai amsa mana ba: don me nake so? In miji ne ke gori, ko ƙawaye ke ba'a, wuƙa ba za ta warkar da wannan ciwon ba. Mun ga wadda aka gyara wa jiki, bayan wata shida ta fara ganin aibi a wata gaɓar. Mun ga gidan da kuɗin makarantar yara ya tafi biyan bashin tiyata.

Mun gaskata jikinmu amana ne daga Allah, kuma darajarmu a gabansa ba ta rataya ga siffar fata ba. Ba mu ce kowace tiyatar ƙarin kyau zunubi ce ba, amma mai amana ba ya jefa abin da aka ba shi cikin haɗari a banza.

Mu maza, mu kiyaye harshenmu game da jikin matanmu, musamman bayan haihuwa. Mu shugabanni kuma, mu zama waɗanda za a iya tambaya ba tare da tsoro ba, domin wadda ta ji kunyar tambayarmu, a ɓoye za ta tafi wurin wanda bai san aikin ba.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye mu da iyalanmu. Amin.