Karen da ba ya iya haihuwa sai da wuƙar likita

A Tabla, kan hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Filinge, in karya ta ji naƙuda ba ta neman taimakon kowa. Takan tona rami ƙarƙashin rumbu ta shige, kashegari a ji kukan ƴan kwikwiyo. Karnukan ƙasar Kurfai doguwar fuska gare su da siririn kai, haka ma kare azawak na makiyaya, wanda ya ɗauki sunansa daga kwarin Azawak, kwarin da ya gangaro kudu ya zama Dallol Boso. Kwikwiyo mai irin wannan kai ba ya shan wuyar ratsa ƙugun uwarsa bayan kwana 63 na ciki.

A ƙasashen Turai kuwa akwai wasu karnuka masu shafaffiyar fuska, kamar buldog na Ingila da na Faransa, waɗanda haihuwa ta zame musu abin tsoro. Asalin buldog kare ne mai ƙarfi da ake haɗa shi faɗa da bijimi. Da aka hana wannan wasa a Ingila cikin shekarar 1835, sai ya koma kare na ado, masu kiwonsa suka shiga zaɓen wanda ya fi ƙaton kai, da faɗin ƙirji, da gajeren hanci, suna haɗa su barbara, domin su ne ke cin gasa.

Abin da ba a lura da shi ba shi ne ƙashin ƙugu. Wannan ƙashi kamar zobe yake, kuma ta cikinsa kowane kwikwiyo zai bi ya fito duniya. Ga karya mai lafiyar ƙira, tsayin zoben daga sama zuwa ƙasa ya fi faɗinsa. Wani bincike da aka yi a Suwidin cikin 1999 ya nuna cewa a karyoyin Boston da suka kasa haihuwa zoben ya danne daga sama, ga kuma ƴaƴan da manyan kawuna. A 2018 likitocin jami'ar Utrek ta Holan sun auna ƙugun buldog na Ingila da na'urar hoton cikin jiki, suka tarar mafitarsa ta fi ta sauran karnuka ƙunci. Ke nan an ƙara girman kaya, an rage faɗin ƙofa. Bugu da ƙari, uwar kanta ba ta samun numfashi sosai saboda matsewar hancinta, sai ta gaji tun yunƙuri bai yi nisa ba. In kwikwiyon farko ya maƙale, na bayansa suna iya mutuwa a ciki, uwar ma ta bi su.

Ƙididdigar da aka buga a Ingila cikin 2010 ta nuna cewa fiye da kashi 80 bisa 100 na haihuwar waɗannan iri uku, buldog biyu da na Boston, da fiɗa ake yin ta. Abin mamaki, wannan bai rage musu kasuwa ba: a 2022 buldog na Faransa ya zama kan gaba a rajistar karnukan Amurka. Holan dai ta tsaurara doka a 2019 kan kiwon karen da hancinsa bai kai sulusin tsawon kansa ba.

Makiyayin da ke kai dabba kasuwar Balayara ranar Lahadi zai gane maganar nan da sauri, domin ya san abin da ke faruwa in an ba ƙaramar karsana ƙaton bijimi. A Beljik an zaɓi wani irin shanu saboda yawan nama har akasarinsu sai an fiɗe su kafin a ciro maraƙi. A can asibitin dabbobi yana kusa. A rugar da ke nesa da Filinge, saniyar da maraƙi ya maƙale mata cikin dare, sau da yawa wuƙar mahauci ke riga likita isa gare ta.