Yadda yunwa ke cin itatuwa a ɓoye: Daga dazuzzukan Turai zuwa Wagini

Itace na iya tsayuwa kore shar alhali abincin da ke jikinsa yana raguwa. Wannan ne abin da masana suka gano a Turai, inda tun 1985 ake bin diddigin lafiyar dazuzzuka ƙarƙashin shirin ICP Forests. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya auna ganyen itatuwa daga 1992 zuwa 2009, ya nuna cewa sinadarai, musamman fosfaras, suna raguwa a ganyen manyan itatuwan nahiyar.

Masanan sun danganta hakan da ƙaruwar iskar kabon a sararin samaniya, wadda ta tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, da kuma naitirojin ɗin da hayaƙin motoci da gonaki ke zubarwa. Waɗannan suna hanzarta girman itace, amma ƙasa ba ta iya ba shi fosfaras gwargwadon buƙatarsa.

A Wagini da ke Ƙaramar Hukumar Batsari, da ƙauyukan Safana da ke bakin Dajin Rugu, matsalar ta biyo wata hanya dabam. Ƙasar yankin jigawa ce wadda asali ba ta da wadatar fosfaras. Abin da ke riƙe ta shi ne ganyen da ke zuba ya ruɓe, da kashin dabbobi, da ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

Idan aka sare marke don gawayi, aka sassabe rassa don ciyar da dabbobi, aka kwashe kara da harawa daga gona, to an fitar da sinadaran ke nan ba tare da an mayar ba. Ƙonen daji kuwa yana kore naitirojin zuwa sama, iska ta tafi da tokar. Sannu a hankali ɗorawa da kaɗanya sai su rage 'ya'ya, sabara da kalgo su mamaye fili. Matan da ke dogaro da daddawa da man kaɗe ne kan fara jin jiki.

Amma akwai mafita. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, yana kuma ƙara wa ƙasa naitirojin, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi dabarar renon tohon kututture maimakon tumɓuke shi, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar.

Dabarar ba ta buƙatar ban-ruwa ko sayen dashe. Abin da take buƙata shi ne kariya daga gatari da wuta, da kuma zaman lafiyar da zai bar manomin Wagini ya isa gonarsa.