Yadda kuskuren manhaja ke makantar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama

Abin da jami'in kula da jirage yake gani a allonsa ba hoton rada tsurarsa ba ne. Manhaja ce ke tattara bayanan rada, ta haɗa su da tsarin tafiyar kowane jirgi, sannan ta zana ɗigo tare da lambar jirgin da nisansa daga ƙasa da saurinsa. Ita ce kuma ke yin gargaɗi idan jirage biyu suka kusanci juna fiye da ƙima. Saboda haka radar tana iya kasancewa lafiya ƙalau, amma da zarar manhajar ta tsaya, jami'in ya rasa idonsa.

Haka ta faru ranar Asabar 15 ga Agusta 2015 a cibiyar Leesburg da ke jihar Bajiniya a Amurka, wadda ke kula da sararin samaniyar yankin Washington. An sabunta manhajar ERAM, aka ƙara mata wata taga da jami'i zai jera bayanan da ya fi yawan dubawa. Ya kamata duk abin da aka goge daga tagar ya fice daga ma'adanar kwamfutar, sai ya zama yana maƙalewa a ciki. Sannu a hankali ma'adanar ta cika, na'urar ta durƙushe. An soke tashin jirage sama da 400, hukumar FAA kuma ta kashe tagar kafin a yi gyara.

Ba wannan ne karon farko ba. Ranar 30 ga Afrilu 2014, tsarin tafiyar wani jirgin leƙen asiri samfurin U-2, mai tafiya a nisan ƙafa 60,000, ya rikita wannan manhajar a cibiyar Los Angeles. Ta yi ta lissafin yadda za ta kauce da shi daga jiragen da ke can ƙasa da shi, har ma'adanarta ta ƙare.

Haɗarin yana cikin ƙarancin lokaci. A can sama ana barin tazarar mil 5 na teku a gefe, ko ƙafa 1,000 a tsaye. Jirage biyu da ke fuskantar juna, kowanne na gudun kilomita 800 a awa, suna cinye kusan kilomita 27 a minti ɗaya. Shi ya sa da allo ya samu matsala ake hana wasu jiragen tashi, a faɗaɗa tazarar waɗanda ke sama. Na'urar TCAS da ke cikin jirgin ita ce kariya ta ƙarshe.

Ajiye kwamfuta ta biyu ba ya wadatarwa idan manhaja ɗaya ce a cikinsu. A Birtaniya, ranar 28 ga Agusta 2023, tsarin tafiyar jirgi ɗaya ya tsayar da babbar na'urar karɓar tsare-tsaren tafiya ta NATS, ta ko-ta-kwana ta karɓi bayanin, ita ma ta tsaya nan take. Duk mai rubuta manhaja irin wannan sai ya gwada ta na tsawon kwanaki yana lura da ma'adana, ya kuma koya mata ware gurɓataccen bayani guda ta ci gaba da aiki.