Tun ran gini, ran zane: yadda ake jera shafukan ƙaramin littafi

Ƙaramin littafi shi ne abokin wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci. A cikinsa yake samun bayanin noma da kiwo da lafiyar iyali. Amma idan shafi na 12 ya biyo bayan na 5, sai sabon mai karatu ya zaci shi ne ya kasa, ya ajiye littafin. Ga hasarar takarda, ga karayar zuciya.

A da, da almakashi da gam ake shirya shafuka. Tun shekarar 1985, da kamfanin Aldus na Amurka ya fito da manhajar PageMaker, aikin ya fara komawa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. InDesign ta biyo baya a 1999, ga kuma Scribus da ake samu kyauta. To, amma na'ura ba ta sake dokar takarda ba.

Dokar kuwa ita ce: falle ɗaya, in an ninka shi biyu, shafi 4 yake bayarwa. Fallen A4, mai milimita 210 da 297, yana ba da shafukan A5, masu 148 da 210. Saboda haka littafin da za a ɗinke a tsakiya sai ya kasance shafi 8, ko 12, ko 16. Mai shafi 14 dole ya ƙara 2 ko ya rage 2.

Wajen buɗe sabon aiki, a umurci manhaja ta nuna shafuka biyu-biyu, suna fuskantar juna. A boko, shafi na 1 yana dama shi kaɗai, sannan 2 da 3, 4 da 5. A ajami, na 1 yana hagu. Haka mai karatu zai gan su, amma ba haka suke kwance a kan falle ba. A littafi mai shafi 16, na 16 ne ke zama kusa da na 1, a bayansu kuma 2 da 15. Kowane biyu, in an haɗa lambobinsu, 17 ne. Shafi na 8 da na 9 kaɗai ke maƙwabtaka a falle da cikin littafi, don haka can ya fi dacewa da hoton da zai ratsa shafi biyu.

A bar fili wajen ɗinki, kada ya cinye rubutu. Hoton da zai kai baki, a zarce da shi milimita 3 saboda yanka. A kuma tabbata salon haruffan da aka zaɓa yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin ƙafa ba kafa ba ce.

Ya ku ma'aikata, kafin ku kai aiki maɗaba'a, ku ninka falle 4 da hannu, ku sa wa shafukan lamba, ku warware, ku gwada da abin da na'ura ta jera. Falle 4 sun fi 500 araha.