Akori-Kurar Fijo: Abin da Ke Sa Mota Ƙarko

Jawabin kimiyya na yau a kan ƙaramar motar ɗaukar kaya ne, wadda Hausawa ke kira akori-kura, da dalilin da ya sa wata ta kan daɗe tana aiki, wata kuwa ta mutu tun mai ita bai gama biyan bashin sayenta ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga manomi ko ɗan kasuwa, gama sau da yawa motar nan ita ce dukan jarinsa.

Labarin ya soma ne daga wani gari na ƙasar Faransa mai suna Rillieux-la-Pape. A bisa tudu ya ke, arewa maso gabas da birnin Liyon, yana duban kogin Rhône, mutanensa kuwa sun kai wajen 30,000. Cikin shekarun 1960 da 1970 aka gina dogayen benaye masu yawa a garin, ga kuma gonakin lambu a gefensa. A wancan zamani magina da masu lambu da yawa a Faransa da akori-kurar kamfanin Peugeot su ke aiki, watau Fijo a bakin Hausawa, an lulluɓe bayanta da tamfol. Samfurin 404 ya fito cikin 1960, akori-kurarsa ta biyo baya cikin 1967. An nuna samfurin 504 a birnin Faris cikin 1968, tasa akori-kurar kuma ta fito cikin 1979.

Mai sauraro ya iya tambaya, ina ruwan Bahaushe da wani gari na bakin Liyon? To, akwai dangantaka. Cikin 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa motocin Fijo a Kakuri, cikin Kaduna. A shekarar nan tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cunkushe da jiragen siminti, har jirgi ya kan yi watanni bai sauke kayansa ba. Saboda haka sai aka riƙa ɗauko sassan mota daga ma'aikatar Sochaux zuwa filin jiragen sama na Satolas, gabas da Liyon, ba nisa da Rillieux. Daga nan jiragen kamfanin UTA su kawo su Kano, manyan motoci kuma su kai su Kaduna. Ashe ke nan irin motar da ke kai kabeji kasuwar Liyon ita ce ke kai gero kasuwar Dawanau. Mota iri ɗaya, ƙasa biyu, wahala iri biyu: babu gwajin ƙarko da ya fi wannan.

Abu na farko da za a duba shi ne ƙashin bayan mota. Akori-kura ba motar shiga ba ce da aka yanke wa baya. An ja tsawonta, an sa mata dogayen ƙarafa biyu masu kauri a ƙarƙashin akwatin kaya, domin nauyi ya bazu, kada ya taru wuri guda. Ƙafafun baya kuma ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa su, an ɗora shi bisa sifirin mai falle-falle, watau siraran ƙarafa da aka jera wani kan wani. In an yi lodi, fallayen su kan lanƙwasa tare, suna gugar juna, gugar nan kuwa tana rage tsallen mota. In falle ɗaya ya karye, sauran su kan riƙe har a isa gari, maƙeri ya musanya shi. Da wannan shiri akori-kurar 504 ke ɗaukar kaya na ton ɗaya da 'yan kai.

Abu na biyu shi ne inji. Cikin kowane inji fistin yana hawa yana sauka cikin rami sau dubbai a minti guda, sannu a hankali ramin ya kan cinye, mota ta soma hayaƙi da shan baƙin mai. A injuna da yawa ramin nan a jikin tukunyar injin aka huda shi, in ya cinye sai an kai wa mai na'urar yasa. A injin fetur na 404 da 504 kuwa, ramin wani bututu ne dabam da a ke zurawa, ruwan lagireto yana kewaye da shi. In ya cinye sai makanike ya zare shi, ya zura sabo, inji ya koma kamar jiya aka yi shi. Ga shi kuma kabureta ke ba shi mai, babu kwamfuta a ciki, don haka makanikin da ke gindin bishiya a Maraɗi ya iya kwance shi ya ɗaura da 'yan sifanu kaɗan.

An kuwa gwada ƙarfin motocin wannan gida a bainar jama'a. A tseren Safari na Afirka ta Gabas, wanda a ke yi cikin laka da ƙura, 404 ta zo ta fari cikin 1963, da 1966, da 1967, da 1968, 504 kuma ta ci cikin 1975. Lalle motocin shiga ne suka yi tseren, ba akori-kura ba, amma injinsu da gabansu 'yan ɗaki ɗaya ne da nata.

Duk da haka, kowace mota da ajalinta. A Rillieux abokin gābarta gishiri ne. Tsatsa ta kan samu in ƙarfe ya gamu da ruwa da iska, gishiri kuwa yana hanzarta ta ƙwarai. Da hunturu a kan barbaɗa gishiri bisa hanyoyin Faransa don ya narkar da ƙanƙara, tayoyi su watsa ruwan gishirin cikin lungunan ƙarƙashin mota. Nan ne raunin Fijo na wancan zamani ya ke: sau da yawa inji na da sauran ƙarfi, amma daɓen mota ya riga ya huje. Shi ya sa cikin shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa suka riƙa sayen tsofaffin Fijo da araha, su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar da su a Nijar da maƙwabtanta, inda busasshiyar iska ke jinkirta tsatsa.

A ƙasar Hausa kuwa abokan gāba su ne ƙura, da gargada, da lodin da ya wuce kima. Ƙura ta kan shiga inji ta ci shi kamar yadda yashi ke cin kwano, in ba a kula da matatar iska ba. Batun lodi kuma, masana sun daɗe da gano asirinsa. Wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya yi shekaru yana gwada ƙarafan ƙafafun taragu cikin ƙarni na 19. Ya tarar ƙarfe yana gajiya. Kowa ya san in aka lanƙwasa waya gaba da baya, gaba da baya, za ta tsinke ko da ba a ja ta da ƙarfi ba. Wöhler ya nuna cewa akwai wani ma'aunin nauyi wanda in ba a wuce shi ba ƙarfe ya kan jure girgiza sau miliyoyi, amma da an ɗara shi, ko da kaɗan ne, sai kwanakin ƙarfen su ragu da yawa. Direban da ya ɗora buhu 20 a motar da aka yi don buhu 12 ya kan ga ta tafi lafiya, ya ce ta saba. Ba ta saba ba. Kowane tudu na gargada yana buɗe wata 'yar tsaga da ido ba ya gani, ran da ta cika sai sifirin ya karye a dokar daji.

To, da me za a auna darajar mota? Ba da kuɗin ranar saye kaɗai ba. A misali, in mota ɗaya ta ci kashi 10 na kuɗi ta yi shekara 5, wata ta ci kashi 15 ta yi shekara 15, ta farko kashi 2 ta ke ci kowace shekara, ta biyu kashi 1. Araha ba ta ado. A kan wannan sai a ƙara kuɗin mai, da kuɗin gyara, da kwanakin da mota za ta yi a gareji tana jiran safaya, gama kwanan gareji kwanan asara ne, tumatir kuma ba ya jira. Samuwar safaya da makanikai ko'ina ita ta sa aka ci gaba da haɗa 404 a Kenya har 1991, aka kuma yi ta haɗa 504 a Kaduna fiye da shekara 35 bayan fitowarta.

Yau da wuya a ga akori-kurar 504 a titunan Rillieux, ma'aikatan can sun koma ga rufaffun motoci. A hanyoyin ƙasar Hausa ma Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa cikin 1968, ta karɓe wuri mai yawa, Peugeot kuma ya fito da sabuwar akori-kura mai suna Landtrek cikin 2020. Sababbin motoci sun fi tsofaffi birki, sun fi kare ran direba in an yi haɗari, sun fi jure tsatsa, hayaƙinsu kuma bai kai na dā ba. Amma gyaransu ya kan bukaci na'ura da ƙwararre.

Saboda haka mai niyyar saye, sabuwa ce ko tsohuwa, kada fenti ya ruɗe shi. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya nemi tsatsa da alamar walda a ƙashin baya. Ya ƙirga fallayen sifirin. Ya tada inji da sanyin safiya ya dubi hayaƙi. Sa'an nan ya tafi wurin makanikin garinsu ya tambaye shi ko ya san injin, ko kuma ana samun safayarsa a kasuwa mafi kusa. In ya saya, ya tsaya a kan nauyin da maƙeranta suka rubuta.