Yadda Kurame Suka Ƙwato Harshensu a Kan Dandamali

A daren 27 ga Maris, 2022, a birnin Los Angeles, aka kira sunan Troy Kotsur ya zo ya karɓi kyautar Oscar ta mataimakin jarumi. Dattijuwar 'yar fim ɗin Koriya ta Kudu, Youn Yuh-jung, ita ta miƙa masa kyautar, amma ko ɗumi ba ta yi a hannunsa ba ta sake karɓa, ta rungume, ta koma gefe tana kallonsa. Kotsur kurma ne, kuma wanda hannunsa ne bakinsa ba ya jawabi da kaya a hannu. Ya yi godiya, ya tuna mahaifinsa, wanda hatsarin mota ya shanye wa jiki daga wuya zuwa ƙasa har ya daina iya yi wa ɗansa magana da hannu. Tafintan da ke fassara wa jama'a sai da muryarsa ta yi rawa. Mutanen zauren kuwa suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, domin tafin kurame ke nan, wanda ido ke gani.

Shi ne kurma namiji na farko da ya ci Oscar a fagen wasa, shekara 35 bayan Marlee Matlin ta ci tata a 1987 tana da shekara 21. A fim ɗin da ya jawo masa kyautar, CODA, Matlin ce ta fito a matsayin matarsa. Mutane da yawa sun kalli abin da idon tausayi, wai bawan Allah mai lalura ya yi ƙoƙari. Kurame ba haka suka gan shi ba. A wurinsu gwani ne da ya daɗe yana aiki a gidajen wasan kurame, da harshen da aka shafe kusan ƙarni guda ana dukan yara a makaranta saboda shi.

Maganar hannu ba nune-nune ba ce, ba kuma Turanci ko Hausa ce aka juye a kan yatsu ba. Tana da nahawunta. Ɗaga gira na iya mayar da jimla ta zama tambaya. Mai magana yakan ajiye mutum a damansa, wani a hagunsa, daga nan inda hannunsa ya nufa shi ke nuna wa ya ba wa. A 1960 William Stokoe, malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington, ya wallafa binciken da ya nuna kowace alama tana da sassa: siffar hannu, wurin da aka yi ta, da motsinta. Har wasu kurame sun yi masa dariya a lokacin, saboda an daɗe ana gaya musu abin da suke yi ba harshe ba ne. Kuma harshen ba ɗaya ba ne a duniya. Kurman Amurka da na Ingila ba sa fahimtar juna kai tsaye, duk da ƙasashensu na Turanci ne. Na Amurka ya fi kusa da na Faransa, domin wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka buɗe makarantar kurame ta Hartford a 1817.

Masifar hana harshen ta faro ne daga Milan ta ƙasar Italiya. A 1880 malaman kurame suka yi babban taro a can, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da fitar da murya. Malamai kurame suka rasa aikinsu. A makarantu da dama ana sa yaro ya zauna a kan hannuwansa, ko a tsula masa bulala in an kama shi yana alama. Sai a 2010, a Vancouver, magadan wannan taro suka fito fili suka yi watsi da hukuncin.

Harshen bai mutu ba, ɓuya ya yi. Ya koma ɗakunan kwanan ɗalibai bayan malami ya juya baya, ya koma kulob-kulob na kurame a manyan birane, inda ake ba da labari, ana barkwanci, ana kwaikwayon malaman da suka hana shi. A 1913 George Veditz, tsohon shugaban ƙungiyar kuramen Amurka, ya tsaya gaban kyamara ya yi jawabi da hannu don a adana harshen, yana tsoron kada ya ɓace. Zamanin fim marar sauti ne, lokacin da kurma da mai ji suke shiga silima su fito da labari ɗaya. Har Charlie Chaplin yana da aboki kurma, mai zane Granville Redmond, wanda ya sa a finafinansa da dama. Da sauti ya shigo fim daga 1927, ƙofar ta rufe.

Ta sake buɗewa a 1967, da aka kafa National Theatre of the Deaf a jihar Connecticut. David Hays, mai tsara dandamali, da Bernard Bragg, kurman da ya koyi wasan motsin jiki a wurin Marcel Marceau a Paris, suna cikin waɗanda suka aza harsashinsa. Tsarinsu shi ne kurame su yi wasa da hannu, 'yan wasa masu ji su furta kalmomin a lokaci guda. A 1971 suka yi wasan My Third Eye daga labarin rayuwarsu, kuma a wani sashe suka juya lamarin: aka fito da masu ji aka baje su a gaban jama'a a matsayin halittun ban mamaki, masu motsa baki kullum, hannuwansu na lilo ba aikin fari ba na baƙi. Ƙungiyar ta sami lambar Tony a 1977. Amma ba ta tsira daga suka ba, kuma sukar daga gida ta fito. Mafi yawan 'yan kallonta masu ji ne, wasu kurame kuma suna ƙorafin an ƙawata alamomin don su burge baƙi, har su masu harshen suna wahalar ganewa.

Mai tambayar yadda ake waƙa ba murya, sai ya duba aikin Dorothy Miles ta Birtaniya ko Clayton Valli na Amurka. Amsa-amon waƙar hannu a siffar hannu yake. Mawaƙi zai zaɓi buɗaɗɗen tafi, misali, ya jero alamomin da duk da shi ake yin su, ido ya riƙa ganin abu ɗaya yana dawowa. Karin waƙar kuma yana cikin saurin motsi da tsayawarsa. Akwai abin da baki ba zai iya ba ko kusa: hannun dama na faɗar abu ɗaya, na hagu na faɗar wani, fuska tana ƙaryata su duka biyu.

Bragg kuma ya shahara da wani salo da ke aron dabarun kyamara. A ɗauka labarin shaho da ɗan tsako ne. Ɗan wasa zai buɗe hannuwa, kafaɗunsa su zama fikafikai, idonsa na leƙen ƙasa. Ƙiftawa da Bismillah ya tsuke jiki ya zama tsakon, yana tsattsaga bai san abin da ake ciki ba. Sai ya janye labarin nesa: hannu ɗaya can sama ya zama shahon, ƙanƙane, yana kewayawa, ɗan yatsa a ƙasa ya zama tsakon. Sai ya dawo kusa, yatsunsa sun zama farce. Bai matsa daga inda yake tsaye ba, kuma kurma daga Japan ko Brazil zai bi labarin tsaf, shi ya sa salon ya fi karɓuwa a bukukuwan kurame na ƙasa da ƙasa.

Wasan kwaikwayo mai kiɗa da waƙa shi ne inda kowa ya zaci kurame ba su da wuri. Gidan wasa na Deaf West, wanda Ed Waterstreet ya kafa a Los Angeles a 1991, ya kai Big River dandamalin Broadway a 2003. Tyrone Giordano, kurma, shi ya fito a matsayin yaron labarin, Huck, wani ɗan wasa kuma ya ara masa murya. Uban yaron, mashayi, mutum biyu ne suka yi shi a lokaci guda, Kotsur da wani mai ji, cikin kaya iri ɗaya: ɗaya ya kurɓa daga tulu, ɗayan ya goge baki. Kusa da ƙarshe, ana tsakiyar waƙa, makaɗa suka yi tsit, 'yan wasa suka ci gaba da rerawa da hannu. Masu ji a zauren suka sami kansu a inda kurame suke kullum, kuma waƙar ba ta yanke ba.

Aikin da ke bayan wannan ba kaɗan ba ne. Tunda rabin 'yan wasa ba sa jin kiɗan, ana ɓoye musu ishara a cikin wasan kansa: canjin fitila, ɗaga kafaɗar wani, taɓa hannu da ɗan kallo zai ɗauka ɓangaren rawa ne. In mutum ɗaya ya makara, jerin duka ya rikice. Haka 'yan rawa kurame 21 na ƙasar Sin suka yi a bikin sabuwar shekara na talabijin a 2005, da rawar nan ta hannu dubu wadda Tai Lihua ta jagoranta: malamansu na tsaye a kusurwoyin dandamali suna ba su lokaci da hannu. Rose Ayling-Ellis, kurmar da ta ci gasar rawa ta BBC a 2021, ƙirga taku take yi a zuciyarta. Ta kuma yi amfani da sunan da ta samu wajen goyon bayan dokar da ta amince da maganar hannun Birtaniya a 2022.

Rigimar da har yanzu ba ta kwanta ba ita ce wa zai fito a matsayin kurma. CODA maimaici ne na fim ɗin Faransa La Famille Bélier na 2014, inda masu ji suka fito a matsayin iyaye kurame, abin da ya ɓata wa kurame da yawa rai. Da aka zo yin na Amurka, masu zuba kuɗi suka so a ɗauki sanannun taurari masu ji, Matlin ta ce in haka ne ita ta fita. Wasu na cewa ai aikin ɗan wasa ke nan, ya zama abin da ba shi ba. Hujjar tana da ƙarfi a wani wurin, amma a nan ta yi rauni, domin magana ce ta harshe. Duk Bahaushen da ya taɓa kallon fim aka naɗa wa wani rawani aka ce Alhaji ne, ya buɗe baki ya yi Hausar da ko a tasha ba a yin ta, ya san abin da kurma ke ji in ya ga tauraron da ya koyi alamomi cikin wata uku. Mai ji ba zai lura ba. Kurma kuwa a jimlar farko zai gane.

Faransa ma tana da nata gwanayen da aka tsallake. Emmanuelle Laborit ba ta haɗu da maganar hannu ba sai tana da shekara 7, a gidan wasan kurame na International Visual Theatre, inda a karon farko ta ga babban mutum kurma yana magana da hannu. A 1993 ta ci kyautar Molière, daga baya ta zama shugabar gidan.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan zance. Kurame a Kano suna da harshensu na gado, maganar hannu, suna da Sarkin Bebaye, kuma a kasuwa ba a rasa masu ji da ke iya ciniki da su. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su ta wallafa littafi a kan harshen a 2000. Sai dai makarantun boko da wani harshen suka zo. Andrew Foster, baƙar fata kurma daga Amurka, ya fara buɗe makarantu a Ghana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, ya kai har Chadi da Kamaru, kuma alamomin Amurka ya koyar. Su ne suka zama tushen abin da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya, har da ta Tudun Maliki a Kano, su ne kuma tafintan da ke kusurwar allon talabijin yake amfani da su.

A finafinan Hausa, in an sa bebe, galibi mai ji ne ke wurga hannuwa yana gurnani don a yi dariya ko a ji tausayi, alhali masu harshen suna nan cikin gari, matasansu na ta ɗora bidiyon barkwanci da wa'azi da hira a Facebook da TikTok. Daraktan da ya yi niyyar ɗaukar su aiki zai fara da tambayar da masu fim ɗin CODA ba su yi fama da ita ba: da wane harshe za a yi wasan? Dattijon da ya tashi a cikin birni bai shiga aji ba, da saurayin da ya gama Tudun Maliki, alamominsu sun sha bamban a abubuwa da yawa. In labarin uba ne da ɗansa, sai an nemo mutum biyu, kowa da irin hannunsa, da tafintan da ya iya duka biyun.