Iyalai a Tashar Juneau: Wa Ke Zaɓar Inda Za a Kai Yara?

Babu titin mota da ya haɗa Juneau da sauran duniya. Shi ne babban birnin jihar Alaska a Amurka, amma duk mai zuwa sai dai ta sama ko ta ruwa, domin duwatsu da filin ƙanƙara sun tare shi ta baya, teku kuma ta tsaya masa a gaba. Mazaunansa ba su wuce 32,000 da wani abu ba. Duk da haka, a shekarar 2023 manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sun sauke fasinjoji sama da miliyan 1.6 a bakin gaɓarsa tsakanin Afrilu da Oktoba, bayan a 2019 adadin bai wuce miliyan 1.3 ba. Idan aka raba, kowane ɗan gari ya tashi da baƙi hamsin a 'yan watanni. Akwai ranakun da masu saukowa suka kai 20,000.

Cikin wannan taro, iyalai sun yi yawa: uwa da uba, yara, sau da dama har da kaka mai dogara sanda. Jirgi ya tsaya da safe ko da rana, zai tashi da yamma ko da dare, kuma tambayar da ke gaban kowane uba ita ce ina za a kai yaran nan a cikin 'yan sa'o'in da ake da su. Mutum zai ɗauka shawara ce ta cikin gida. Ni a ganina ba haka ba ne. Kafin iyali su sa ƙafa a ƙasa, agogon jirgi da tsarin cinikinsa sun riga sun yanke musu rabin hukuncin, kuma da yake dubban iyalai amsa ɗaya suke bayarwa, nauyin yana sauka a kan wurare biyu kacal da kuma mutanen garin.

Dalilin da ya sa iyalai suka karkata ga wannan tafiya ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya da ƙananan yara ya san wahalar ɗaure kaya da kwance su a kowane masauki. A jirgin ruwa ɗakin kwana ne ke bin mutum, abinci na nan a kowane lokaci, tsoho ya huta, yaro ya yi wasa. Kamfanoni sun gane haka. Disney ya fara kai jirginsa Disney Wonder Alaska a 2011, a 2018 kuma Norwegian Bliss ya shigo da fasinjoji wajen 4,000 har da filin tseren ƙananan motoci a samansa. Annobar korona ta tsayar da komai a 2020, babu babban jirgi ko ɗaya da ya zo, sai ƙishin tafiya ya taru ya fashe daga baya. Akwai kuma wani dalili mai ɗaci: labarin narkewar ƙanƙara ya yaɗu, iyaye suna so 'ya'yansu su gani da ido kafin ta ja baya.

Ƙarancin lokaci kuwa yana da tushe a doka. Wata dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgin da aka yi wa rajista a ƙasar waje ɗaukar fasinjoji tsakanin tashoshin Amurka zalla, kuma kusan duk manyan jiragen nan tutar waje suke ɗauke da ita. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Seattle dole ya leƙa Kanada, yawanci garin Victoria, kafin ya koma gida. A tafiyar kwana bakwai, idan aka cire wannan tsayawa da kwanakin da ake yi a tsakiyar teku, abin da ya rage wa tashoshin Alaska irin su Juneau da Skagway da Ketchikan kaɗan ne. Wani jirgin ma sai bayan azahar yake isowa.

A nan ne tsoro ke shigowa, kuma tsoro ne mai dalili. Jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawo da kansa ya makara. Wanda aka bari a Juneau ba shi da motar haya da zai bi baya da ita, sai tikitin jirgin sama, ga yara, ga kaya da magunguna sun tafi a ɗaki. Kamfanin jirgi kuwa yana alkawarin cewa wanda ya sayi yawo ta hannunsa za a jira shi, ko a ɗauki nauyin kai shi tasha ta gaba. Uba mai yara uku zai biya ƙarin kuɗi domin wannan kwanciyar hankali, ban ga laifinsa ba. Sai dai kamfanin yana cire kasonsa daga kuɗin kafin sauran ya isa hannun mai motar ko mai kwalekwalen da ya yi aikin, kuma abin da ya fi tallatawa shi ne yawon da zai kwashe ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Tun ana gida, watanni kafin tafiya, manhajar jirgin ke ta tunatar da iyaye cewa gurabe na ƙarewa.

Wuri na farko da kowa ke nufa shi ne kogin ƙanƙara na Mendenhall, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar gari. Ƙanƙara ce da ta taru tsawon ƙarnuka, tana gangarowa a hankali daga tsaunuka har bakin wani tafki. Gaskiya wurin ya dace da iyali. Hanyar zuwa mafaɗar ruwa ta Nugget shimfiɗaɗɗiya ce, zuwa da dawowa kilomita uku da 'yan kai, keken jariri yana bi. Kuɗin shiga cibiyar baƙi dala 5 ne, yara 'yan ƙasa da shekara 16 kuma kyauta. Daga ƙarshen Yuli kifin salmon yana hawowa wani ɗan rafi da ke kusa domin ya yi ƙwai, baƙaƙen beyar na zuwa kamunsa, mutane na kallo daga wata gadar katako. Yaron da ya ga wannan ba zai manta ba.

Amma cibiyar an gina ta ne a 1962, lokacin da masu zuwa ba su da yawa. Yanzu ana maganar mutane wajen 700,000 a shekara. Hukumar kula da gandun daji ta Amurka, wadda wurin ke hannunta, tana da iyakar mutanen da kamfanonin yawo za su iya kaiwa a kowace kaka. A 2023 kamfanoni da dama sun cinye rabonsu tun tsakiyar bazara. Baƙin da suka rasa gurbi sai suka koma wa motar bas ta gari, wadda ma'aikata da tsofaffi ke dogaro da ita, har ta riƙa wuce 'yan gari a tasha saboda ta cika. Ga shi kuma bas ɗin ba ta kaiwa ƙofar wurin, tana ajiye mutum a nisan fiye da kilomita biyu, sai a ƙarasa a ƙafa, wani lokaci cikin ruwan sama. Iyalin da suka zaɓi wannan hanya domin sauƙin kuɗi sun wahalar da yaransu, sun kuma hana wani zuwa aiki a kan lokaci. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ƙanƙarar kanta tana ja da baya. Daga 1929 zuwa yau ta janye kusan kilomita uku, masu bincike kuma suna hasashen cewa wajen 2050 ba za a iya hango ta daga cibiyar ba. Narkewar ta haifar da wata masifa. Tun 2011 ruwa ke taruwa a wani kwari da ke gefen ƙanƙarar, sai ya ɓalle ta ƙarƙashinta ya cika kogi. A Agustan 2023 ya cinye gaɓa ya rushe gidaje, a Agustan 2024 ya shiga gidaje wajen 300. Motocin baƙi ta kwarin Mendenhall, inda waɗannan gidaje suke, suke bi, kuma ina ganin ya kamata iyaye su faɗa wa yaransu cewa abin da suka zo kallo yana da alaƙa da gidajen da ruwa ya ci.

Na biyu shi ne kallon kifin wel, babbar dabbar tekun nan mai shayarwa. Irin mai doron nan yana tasowa daga Hawaii kowace shekara, tafiyar dubban kilomitoci, domin ya ci ƙananan kifaye a ruwan Alaska bayan ya shafe watanni kusan ba ci. Ganinsa a kusa da Juneau abu ne mai sauƙi, har masu kwalekwale kan yi alkawarin mayar da wani ɓangare na kuɗi idan ba a gani ba. To amma lissafin iyali daban ne da na talla. Kuɗin mutum ɗaya kan kai dala 150 ko fiye, wato gida mai mutum shida ya doshi dala 900. Da tafiyar mota zuwa Auke Bay da zaman ruwa, abin yana cin sa'o'i uku zuwa huɗu. Yaro ɗan shekara goma zai ji daɗi ƙwarai. Ɗan shekara uku kuwa, bayan minti ashirin sanyi da gajiya sun kama shi, ga babu inda za a sauka. Abin da ya kamata uwa ta tambaya kafin ta biya shi ne ko akwai rufaffen ɗaki mai ɗumi, ko akwai banɗaki, ko akwai rigar ceto daidai jikin ƙaramin yaro.

Dabbar ma tana da nata haƙƙin. Tun 2001 dokar tarayya ta hana kusantar wannan kifi ƙasa da yadi 100 a ruwan Alaska. Doka ta faɗi nisa, ba ta faɗi yawan kwalekwalen da za su kewaye dabba ɗaya ba, kuma gommai ne ke fita kullum. Binciken da aka yi a ruwan Juneau ya nuna cewa idan kwalekwale na kusa, kifin kan ƙara sauri ya riƙa sauya hanya, wato yana ƙona ƙarfin da ya zo tarawa. Akwai wani shiri na sa-kai mai suna Whale SENSE, wanda hukumar kula da teku ta Amurka, NOAA, ke cikin masu gudanar da shi, inda kamfanoni ke ɗaukar ƙarin ƙa'idoji da horar da ma'aikata. Duba sunan kamfani a cikin shirin aikin minti biyu ne, kuma yana daga cikin 'yan wuraren da zaɓin iyali ke da tasiri kai tsaye.

Yawon jirgi mai saukar ungulu zuwa saman ƙanƙara, inda karnuka ke jan keke, shi ne mafarkin yara da yawa. Kuɗinsa ya haura dala 500 a kan kowane mutum, hazo yana yawan sa a soke shi a ranar, ƙararsa kuma na cikin tsofaffin koke-koken mazauna garin. Wanda ya gina ranarsa a kansa ya tanadi abin da zai yi idan an fasa.

Abin da ya fi damuna shi ne abubuwan da ake wucewa ba a gani ba, alhali suna nan a bakin tasha. Motar igiya ta Goldbelt, wadda aka buɗe a 1996, tana ɗaga mutane mita 550 zuwa gefen tsaunin Roberts cikin 'yan mintuna, kuma mallakar kamfanin 'yan asalin yankin ce. Ƙasar nan ta mutanen Tlingit ce tun kafin Joe Juneau da Richard Harris su zo neman zinariya a 1880. Ginin Walter Soboleff da cibiyar Sealaska Heritage ta buɗe a 2015 yana nuna sassaƙa da saƙa da tsarin gidan gargajiya, a 2023 kuma aka kafa dogayen ginshiƙan itace 12 a bakin ruwa. Ba abin bauta ba ne, tarihin dangi ne da tambarinsa aka sassaƙa a jiki, kuma kallonsu kyauta ne. Akwai gidan tarihi na jiha, akwai wurin ƙyanƙyasar kifi na Macaulay inda yara ke ganin salmon yana tsallake matakalar ruwa. Duk waɗannan suna kusa, yawancinsu a rufe suke, wanda babban abu ne a garin da ruwa ko dusar ƙanƙara ke sauka fiye da kwana 200 a shekara. Idan jariri ya fara kuka ko kaka ta gaji, komawa jirgi ba wuya. Ba su da tsada, ba sa kawo wa jirgi riba mai yawa, shi ya sa ba su ne a saman jerin talla ba.

Hukuncina shi ne a auna ranar da ƙafar mafi ƙanƙanta da gwiwar mafi tsufa, a ɗauki babban yawo ɗaya, a bar sauran lokacin ga gari. Cusa ƙanƙara da kifi da jirgin sama a yini guda yana mayar da yara kaya da ake lodawa ana saukewa.

Mutanen Juneau ba su zauna kallo ba, kuma kansu a rabe yake, domin ayyuka da harajin ciniki da yawa daga baƙin nan suke fitowa. Tun 1999 suka kaɗa ƙuri'ar karɓar dala 5 a kan kowane fasinja. Ƙungiyar kamfanonin jiragen, CLIA, ta kai birnin kotu a 2016 kan yadda ake kashe kuɗin, aka sasanta a 2019. An yi yarjejeniyar kada manyan jirage su wuce biyar a rana daga 2024, aka kuma ƙulla wata ta taƙaita fasinjoji zuwa 16,000 a rana, 12,000 a ranar Asabar, daga 2026. A Oktoban 2024 an gabatar da ƙudurin hana manyan jirage zuwa ranar Asabar kwata-kwata, kusan mutum shida cikin goma suka ƙi. Huɗun da suka amince ba kaɗan ba ne a gari irin wannan.

Lissafin 16,000 ɗin da gadaje biyu na kowane ɗaki ake yin sa, ba da kawunan mutane ba. Gado na uku da na huɗu, waɗanda ake saukowa da su daga bango ko a buɗe daga kujera, ba sa cikin ƙidaya, kuma a kansu yara ke kwana. Wato a watannin hutun makaranta, Yuni zuwa Agusta, mutanen da za su sauka za su iya zarce adadin da aka rubuta ba tare da an karya yarjejeniya ba. A lokaci guda kuma ana shirin ƙarin tashoshi: kamfanin Huna Totem zai gina ɗaya a cikin gari, kamfanin Goldbelt mai motar igiya da kamfanin jiragen Royal Caribbean kuma sun sanar a 2024 da niyyar gina wata a bayan tsibirin Douglas, nesa da tsakiyar gari. Iyalin da jirginsu ya tsaya a can ba za su iya takawa a ƙafa zuwa gidan tarihi ko ginshiƙan bakin ruwa ba, sai da mota ko kwalekwalen da wani ya tsara musu.